Ofishin da ba shi da allo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zane da kwamfuta a wani shago a Fagge. Katin ɗaurin aure, kalandar biki, sitika, allon shago, fostar 'yan siyasa, duk sun bi ta hannuna. Manhajar zane ta CorelDraw kuwa ko ido a rufe. Lokacin zaɓen 2019 a shago muke kwana, janareta na ruri, muna gyara wa ɗan takara fuska har ya fi ɗansa ƙuruciya. Yau ina da ɗan ofishin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wajen Zoo Road, kuma ni da na ci abinci da allunan mutane, nawa ofishin ba shi da allo. Lambar ɗaki ce kawai a ƙofa.

Ƙanena ne sila. A kullen korona na 2020, da shago ya rufe na zauna gida, sai na lura yaron nan ya daina fitowa ko tsakar gida, abinci sai an yi da gaske, magana sai "to". Aka ce sammu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Daga baya muka kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya ƙara da cewa yana bukatar wanda zai riƙa zama da shi suna magana. Maganin mun same shi a kemis ranar. Mai zaman ne muka sha wuyar samu.

Na koma Jami'ar Bayero na karanta fannin jagoranci da ba da shawara, ina zane da dare don biyan kuɗin makaranta, sannan na yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga ni. Da Hajiya ta ji zan bar shagon sai ta ce, "Yanzu kai da sana'arka a hannu, mahaukata za ka koma bi?" Na ce, "Hajiya, ɗanki mahaukaci ne?" Ba ta amsa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Abin da zane ya koya mini shi ne sauraron mutumin da bai san abin da yake so ba. Kwastoma zai ce, "A yi shi ya fito da kyau," sai ka yi ta tambaya har ka gano launin da ke ransa. Nan ma haka ne. Ba wanda ke shigowa ya ce yana da damuwa. Cewa zai yi kansa na ciwo, ko barci ya ƙaurace masa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Sai dai wannan halin na mai zane shi ya fi ba ni wahala. Na saba in karɓi abu a karkace in miƙe shi kafin la'asar. A watannin farko mutum bai gama magana ba na jero masa mafita uku. Mai duba aikina ce ta ce mini, "Malam, wannan ba fosta ba ce, ɗauke hannunka." Har yau yin shiru shi ne aiki mafi nauyi a wurina.

Magani kuwa ba hurumina ba ne. Wanda yake jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, ko shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, likita nake haɗa shi da shi ba tare da jinkiri ba. Sai dai ka ce Dawanau, inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, ka ga fuska ta canja, ko da yake sunan da ke kan asibitin shi ke kan kasuwar hatsi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma kunyar da ke bakin ƙofa ba ta san da wannan ba. Shi ya sa na sauke allon da na zana da hannuna, mako uku da kafa shi: wani bawan Allah ya kira ni daga tsallaken titi ya ce ba zai iya shiga ana kallonsa ba. Da masu ruƙiyya ma ba na faɗa. Ka yi addu'arka, ka sha maganinka, ka dawo ranar Talata.

Kuɗi bai kai na lokacin zaɓe ba, gaskiya. Mutanenmu sun saba biyan allura da ƙwaya, ba su saba biyan magana ba, wasu ma sai a ce a bari sai an samu. Mu biyu ne yanzu, ni da wata abokiyar aiki da ke ganin mata, musamman masu jego da damuwa ta kama bayan haihuwa.

Watan jiya wata mata ta zo da 'yarta. Na tambaye ta wa ya kwatanta mata wurin, tunda ba allo. Ta ce Hajiyarmu ce, a gidan suna, ta ce mata, "Kai ta wajen yaron nan, hira kawai yake yi."