Rigar meri ba ta isa ba: takardun kilando da tasi a Garwa, Marwa da Ngaundere

A arewacin Kamaru, yawancin samarin da ke shiga sana'ar kilando, wato ɗaukar fasinja a babur, daga meri (ofishin ƙaramar hukuma) suke farawa. Mutum ya sayi babur, ya je ya karɓi riga mai lamba, ya ɗauka shi ke nan. Ranar da jandarma suka tare shi a hanyar Pitowa, sai ya tarar rigar ba ta amsa ko ɗaya daga cikin abin da ake tambayarsa ba. Hukuma biyu ke riƙe da sana'ar nan, ma'aikatar sufuri da ƙaramar hukuma, kowacce da nata takardun, kuma na meri su ne na ƙarshe a layi.

Dokar da ake bi ita ce wadda firaminista ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba 2008, aka yi mata gyara a watan Yulin 2013. Rabon meri a ciki a fili yake: ita ke ba babur lambar shaida, ita ke zaɓar launin riga, ita ke faɗin unguwannin da aka yarda a yi aiki da wuraren da za a tsaya jiran fasinja, ita kuma ke karɓar kuɗin tsayawa. Garwa, Marwa da Ngaundere kowanne yana da ƙananan hukumomi uku, ga magajin gari a samansu. Don haka kafin ka biya ko dala, ka tambaya a bakin wa lambar ke fitowa da kuma iyakar inda take aiki. Rasit ɗin ƙungiyar 'yan kilando daban, rasit ɗin meri daban. Da yawa suna nuna na ƙungiya a wurin bincike, ana yi musu dariya.

Asalin matsalar tana wurin duwan, wato kwastan. Babura da yawa a arewa ta Mubi ko ta ɓangaren Yola suke shigowa, sun fi araha saboda ba a biya musu kuɗin fito ba. Babur ɗin da ba shi da takardar duwan ba zai sami kartigiris (takardar rajistar abin hawa) ba, ba zai sami lambar rajista ta NO, EN ko AD ba. In babu kartigiris, kamfanin asiransi (inshora) na gaskiya ba zai rubuta maka komai ba, ofishin sufuri kuma ba zai ba ka lasisin S2 na sufuri da babur da katin sufuri ba. Arahar da aka samu ranar saye, a hanya ake biyanta kaɗan-kaɗan, har ta wuce kuɗin duwan ɗin da aka guje wa. Wanda zai sayi na hannu ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur, harafi bayan harafi, ya gwada da ta kartigiris. Harafi ɗaya ya saɓa, takardar ta wani babur ce. Sannan a rubuta takardar ciniki, a kai a buga mata hatimi, a canza suna. Kartigiris mai sunan tsohon mai babur tana tsayar da neman lasisi, kuma ranar da ka buƙaci sa hannunsa wataƙila ya koma Njamena.

Shi kansa direba, doka na neman ya kai shekara 18, yana da farmi (lasisin tuƙi) rukunin A da takardar ƙwarewa ta masu ɗaukar fasinja a babur. Farmin mota, wato rukunin B, ba ya tsaya wa babur, ko da mutum ya shekara ashirin yana tuƙa mota. Akwai kuma lambar mai biyan haraji, wadda yanzu ake cirewa ta intanet. Sunan da ke kanta ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. Mahamadu a nan, Mohamadou a can, ya isa a mayar maka da takardunka.

Asiransi ne wurin da aka fi cutar kai. Iri biyu ne: na hawan kai da na ɗaukar fasinja da kuɗi. Na farkon ya fi sauƙi, shi ya sa ake rububinsa, kuma a shingen bincike yakan wuce tunda takarda ce mai hatimi. Amma ranar da aka yi haɗari fasinja ya karye, kamfani zai duba abin da aka rubuta a kan amfanin babur, ya ce wannan ba abin da ya ɗauka ba ne. Kuɗin asibiti ya dawo kan mai babur. Ka karanta layin da kanka kafin ka bar ofishin, ko ka sa wanda ya iya Faransanci ya karanta maka.

A jikin babur doka ta nemi madubi biyu, fitilu da sigina masu aiki, birki, oda, wurin ɗora ƙafa na mutum biyu, da hular kwano biyu, ta direba da ta fasinja. Kujerar ta mutum biyu ce har da direba. Kowa ya san yadda ake lodi a ranar kasuwa, kuma da zafin Marwa a watan Afrilu ba kowa ke son hula a kai ba. Duk da haka, cire madubi da samari ke yi don gayu ba shi da wani uzuri.

Tasi ba su da yawa a garuruwanmu in aka kwatanta da Yawunde, amma tsarin kusan ɗaya ne: fenti rawaya, lambar ƙofa daga meri, farmi B da takardar ƙwarewa, lasisin sufuri, katin sufuri, da gwajin lafiyar mota wanda wa'adinsa ya fi na motar gida gajarta sosai. Tun 2017 kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, a cikin asiransi ake biyansa, kada wani ya sayar maka da shi daban. Mai motar gida da ke ɗaukar mutane da kuɗi zuwa Gider ko Mokolo ba tare da lasisi ba, a idon doka sufurin ɓoye yake yi, kuma matsalar asiransin nan tana jiransa shi ma.

In aka kai babur furiyer, inda ake ajiye abin hawan da aka kama, kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake, don haka jan ƙafa asara ce. Ka nemi a rubuta maka laifin, ka biya a wurin mai karɓar kuɗin meri, ka karɓi rasit mai lamba. Alhazan da ke saya wa yara babura suna karɓar kuɗin yini sukan kulle takardun asali a gida don tsoron kada yaro ya sayar da babur. Tsoron yana da dalili, sai dai yaron da aka sake shi hanya hannu wofi shi ne na farko da za a kama. A yi masa kwafi mai hatimin hukuma ya riƙe, a kuma rubuta tun farko wa zai biya tara in laifin na takarda ne, wa zai biya in na tuƙi ne.