Madauki na biyu ya dawo hannu wofi

Talata, da dare.

Rabin yinina yau ya tafi a kan layi ɗaya na kod, kuma ni na rubuta shi da hannuna makon jiya.

Ina da Scanner mai karanto kalmomi daga wani fayil. A Java, harshen da nake rubuta kod da shi, Scanner Iterator ne, wato abu mai miƙo abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ka tambaye shi hasNext ya gaya maka ko akwai saura, ka ce next ya miƙo maka na gaba. Shi kuwa madaukin for-each, wato umarnin da ke maimaita aiki a kan kowane abu na cikin jeri, wanda ya shigo da Java 5 a 2004, ba ruwansa da Iterator, array ko Iterable (abin da ake iya zagayawa a kansa) kaɗai yake karɓa. Da yake aiki ɗaya tak aka wajabta wa Iterable, wato ya ba da Iterator, tun Java 8 lambda, wato ɗan gajeren aiki marar suna, na iya tsaya masa. Sai na rubuta `Iterable<String> kalmomi = () -> sikana;` (sikana shi ne Scanner ɗin nawa), ya yi aiki, na ji daɗi, na wuce.

Da safe abokin aikina ya ƙara madauki na biyu. Na farko yana ƙirga kalmomin, na biyu yana fitar da su a allo. Ƙirga ya fito daidai, allo kuwa fayau. Ya leƙo ya ce, "Malam, kod ɗinka ya haɗiye kalmomin." Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu saƙon kuskure ko ɗaya. Na zargi fayil ɗin, na buɗe shi ya fi sau biyar, lafiyarsa ƙalau. Sai da rana ta yi sanyi na sa lambdar ta nuna System.identityHashCode, wato lambar shaida, na abin da take mayarwa. Lamba ɗaya ce ta fito sau biyu, wato Scanner ɗaya ne aka miƙa wa madaukan biyu. Nan na gane: madauki na farko ya shanye Scanner ɗin tas, na biyu ya tarar da shi a ƙarshen fayil, hasNext ta ce babu, ya fita abinsa shiru.

Duk wanda aka miƙa wa Iterable yana ɗauka cewa zai iya zagayawa sau nawa ya ga dama, kowane karo daga farko. Nawa bai cika wannan alkawari ba. Yanzu na fahimci abin da ya sa Stream, wato kwararar bayanai da ake bi sau ɗaya kawai, bai zama Iterable ba, alhali yana da iterator. Na kuma tuna DirectoryStream na Java 7, mai jero fayilolin da ke cikin folda: shi Iterable ne na karo ɗaya, amma in ka nemi iterator a karo na biyu sai ya jefo saƙon kuskure na IllegalStateException. Wannan tsarin ya fi mini, don kuskuren na bayyana nan take.

Fayil ɗin yau ƙarami ne, don haka na kwashe komai cikin ArrayList, wato jerin da ke zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, da umarnin forEachRemaining, madaukan biyu suka daidaita. Manyan fayiloli ba za su shiga ƙwaƙwalwa haka ba. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta musu ɗan aji (class) mai tuna ko an riga an karɓi iterator, ya ƙi bayarwa karo na biyu.