Littafin hotuna zalla a aji: abin da aiki da shi ya koya wa malamai

Abin da ya fi wuya ga malamin da ya riƙe littafin da babu rubutu a cikinsa shi ne ya kame bakinsa. Da ya buɗe shafin farko sai harshe ya fara ƙaiƙayi: "Ga yaro nan ya ja akuyarsa za shi kasuwa." Shi ke nan an kashe darasin. Yara sun ji labarin malam, ba za su ƙara neman nasu ba, sai dai su yi ta maimaitawa kamar masu hadda.

Shi ya sa ake bin littafin sau biyu. Zagayen farko shiru ake yi. Irin waɗannan littattafai galibi shafi 32 ne, minti huɗu sun isa a juya su a hankali kowa ya kalla. A zagaye na biyu ne ake tambaya, kuma bayan kowace tambaya malam ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya ƙara cewa uffan. Goman nan tana da tsawo ga babba, amma a cikinta ne yaro mai kunya yake haɗa maganarsa.

Yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar da lissafa sunayen abubuwa suke farawa: akuya, bishiya, mota. Ba laifinsu ba ne, tambayar "mene ne wannan?" ita ke jawo haka, don kalma ɗaya ke amsa ta. A sauya ta da "me akuyar nan take so?" ko "ina yaron yake kallo?" In yaro ya ce akuyar tsoro take ji, kada a ce daidai, kada a ce kuskure. A ce: "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" Sai ya koma hoton ya nuno kunnuwa ko ƙafar da ta turje. Haka nan a rufe shafi na gaba da kwali, a nemi hasashe uku mabambanta kafin a buɗe. Wata dabara mai sauƙi: a sa yaro ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," aji ya amsa "Ta zo mu ji ta." Nan take yake gane cewa labari ake nema, sai ka ji "sai" da "daga nan" sun shigo bakinsa.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya ya saba fara karatu daga dama, don haka yakan bi hotunan a juye, ƙarshen labari ya riga farkonsa. Ba faɗa ake yi masa ba, yatsa ake ɗorawa a shafin hagu a bi da shi zuwa dama na 'yan kwanaki.

A aji mai cunkoso, na baya ba sa ganin ƙananan abubuwan da labarin ya rataya a kansu, sai su koma surutu. A raba yaran rukuni na biyar ko shida su karɓi littafin bi da bi, ko a zana manyan hotuna shida a kan kwali.

Hoton da yara ba su saba da shi ba, kamar dusar ƙanƙara, ba dalilin ajiye littafi ba ne. A 2012 IBBY, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai harkar littattafan yara, ta fara tara irin waɗannan littattafai domin yaran 'yan gudun hijira da ke sauka tsibirin Lampedusa na Italiya, saboda kowane yaro zai karanta su da harshensa. Idan yaro ya ga dusar ƙanƙarar ya ce gari ne ya zube a ƙasa, a bar shi ya kai labarin ƙarshe, bayani ya biyo baya.

A ƙarshen darasi malam ya rubuta jimla ɗaya ta kowane rukuni a allo, yadda yaron ya faɗe ta, ba gyara. In babu kuɗin sayen littafi, farar takarda huɗu da aka naɗe gida biyu aka ɗinke da zare tana ba da shafi 16. A zana mutum ɗaya ko dabba ɗaya da kaya iri ɗaya a kowane shafi, domin da an sauya launin riga yara za su ce wani ne daban.