Takalmin da ba a takawa

Asabar, bayan isha'i.

Yatsuna sun yi jawur har cikin farce, Inna ta ce sai sun kwana uku kafin su wanku. Karan dafi ne. Da su nake danna wayar nan.

Kafin a ba mu hutu aka ce kowa ya dawo da takalmi ƙwaya ɗaya na kallo, ba na sawa ba, kuma kada a ga roba ko gam ɗin kanti ko ƙusa a jikinsa. Abin da ƙasa ta fitar kawai. 'Yan ajinmu na cikin birni suka yi ta ƙorafin ina za su samo kaya, ni kuwa ina musu dariya, don a ƙauyenmu danga kawai zan tsallaka. Ashe tara kayan shi ne mai sauƙin.

Da hantsi na baje a gindin darbejiya. Ga sakaina daga tsohuwar ƙwaryar Inna, ga kabar da ƙanina ya yanko mini shekaranjiya, ga ƙodagon goruba, ga gashin zabi da na roƙo a maƙwabta, da ƙaron da na jiƙa tun daren jiya. Sai 'yar jemammiyar fatar akuya da Yaya ya sayo jiya a kasuwar Wudil, yana ta mitar kuɗinta. Nufina sakainar ta zama ƙasan takalmin, goshinta ya ɗaga kamar na kwalekwale, ƙodago ya zama dunduniya, a saƙa saman da kaba.

Ina cikin faman yanka sai ga Kaka ya dogaro sanda.

"Amarya, me ake girkawa babu wuta?"

"Takalmin Sallah nake haɗa maka, ango."

Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki sakainar ya juya ta sau biyu. "Na wace ƙafar ne, dama ko hagu?"

Na rasa ta cewa. Sati uku ina zana abin nan a takarda, ko sau ɗaya tambayar ba ta zo mini ba. Na ce ai ba na sawa ba ne. Ya ce, "To ki ce kwando kike yi mana."

Kaka baduku ne, tun yana yaro yake dukanci har silifas da takalman roba suka cika kasuwa, ido kuma ya fara gardama. Jakar kayan aikinsa tana rataye a ɗakinsa, tun ina firamare ban ga an sauke ta ba. Ni dai na ji haushin zancen kwandon, sai na jawo abin da aka koya mana a aji. Na ce takalmin gashin jimina na Sarkin Kano fa, wanda tarihi ya ce Muhammadu Rumfa ne ya fara shi, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da shi ake shiga gona? Ba don ido aka yi shi ba? Kaka ya ce shi ba a aji ya ji ba, da idonsa ya gani a ƙafar marigayi Ado Bayero ranar hawan Sallah. "Amma ƙafa tana ciki, amarya. Ko gashin me aka lulluɓa masa, wanda ya ɗinka sai da ya auna ƙafa tukun."

Ban ba shi amsa ba, na ci gaba da aikina, shi kuma ya ƙi tashi.

Ɓarna ta farko: na sa basilla zan huda gefen sakainar, na danna da ƙarfi, sai ji na yi ƙas, ta tsage har tsakiya. Saura ƙiris in yi kuka, don guda biyu kawai Inna ta ba ni. Kaka bai ce komai ba, ya aiki ƙanina ya sauko da jakar nan, ya kuma ɗebo garwashi a madafa. Ya zaro wani siririn ƙarfe mai ƙotar itace da ta yi baƙi don riƙo, ya cusa bakinsa a wuta, ya jira. Da ya ɗora shi a kan ɗaya sakainar, ko dannawa bai yi ba, ƙarfen ya nutse da kansa, hayaƙi siriri ya tashi da ƙaurin ƙonanniyar ƙwarya. Huda ashirin da biyu ya yi, tazararsu ɗaya kamar da ma'auni, alhali da babban yatsa kawai yake lalube. Kafin nan kuma sai da ya sa na taka ƙasa, ya zagaye sawuna da tsinke, ya fere sakainar a kan zanen. Ta zama ta ƙafar hagu. Ban hana ba.

Ta biyu ƙaro ne. Na manna gashin zabi layi-layi, ya yi kyau har na ɗauki hoto. Kafin azahar iskar hunturu ta busar da shi, ya ɓamɓare, gashin ya bi tsakar gida, kaji suna bin sa a guje. Kaka ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙaro abokin tawada ne, a bar wa almajirai. Ya yanko fata siririya kamar zare, ya nuna mini yadda ake haɗa gashi uku-uku a ɗaure su ta gindi, sannan a cusa ɗaurin cikin saƙar kaba a ja ta ciki, yadda kowane layi zai rufe ɗaurin na ƙasansa. Na yi ta kuskurewa, yana ta warwarewa.

Fatar nan kuwa da ya ɗauka sai da ya sansana ta, ya murza ta a tafin hannu, ya ce jimar bagaruwa ce ta gaskiya, Yaya bai yi asara ba. Daga nan baki ya buɗe: yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, da yadda yake kai kaya Kurmi da Ƙofar Wambai yana saurayi. Na ce masa Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa takalman Kano har Arewacin Afirka ake kai su. Ko a jikinsa. Ya ce in daka karan dafin da kyau, in sa kanwa kaɗan, in ba haka ba jan ba zai fito ba. Na zuba kanwar, ruwan ya juye ja nan take. Na shafa da tsumma, rabi a fata rabi a hannuna.

Na so in jera idon zakara a bakin maɗaurin, jan nan da baƙin ɗigo. Inna ta ce ba a gidanta ba, ga jikanta yana rarrafe, dafi ne in yaro ya tauna. Gaskiyarta ce. Na musanya da ƙwallon tsamiya, na ma ga ya fi dacewa da launin ƙwaryar.

Gab da magariba muka gama. Yana tsaye a kan turmin da aka kifa, dunduniyar ƙodago ta ɗaga shi, iska tana kaɗa gashin kamar zabuwar za ta tashi. Ba irin na takardata ba ne, ya fi shi faɗi, goshin bai kai tsayin da na zana ba. Ban sani ba ko malaminmu zai ce aikina ne, don hudar dai ba tawa ba ce, kuma na yi niyyar faɗa masa. Da kowa ya tafi alwala na zura ƙafata a hankali. Ta shiga cif. Ban taka ba.

Kaka da ya dawo daga masallaci ya tsaya a kansa, ya ce, "Ina ɗan'uwansa?" Na ce ɗaya aka ce mu kawo. Ya girgiza kai, ya ce shi tunda yake bai taɓa sallamar takalmi wari ɗaya ba. Ɗazu na ji shi yana tambayar Inna ko akwai wata ƙwaryar da ta fashe, tana ce masa babu, yana cewa to a duba wadda ta kusa.

Damuwata yanzu motar Litinin. Inna ta ba ni aron kwando da faifai, ta ce in shimfiɗa audugar rimi a ƙasa, in rungume shi a cinya har Kano.