Minti goma da na ɓata ina cewa "ja numfashi"

Yara 22 muka ɗauka a sansanin dogon hutun bara, 'yan shekara 7 zuwa 11, na sati biyu. Da safe girki, in an ci an sha a shimfiɗa tabarmi a yi yoga, sai a rufe da darasin natsuwa kafin iyaye su zo ɗaukarsu. Ni na tsara komai, ƙanwata mai karatun aikin jinya tana taya ni, da wasu mata biyu.

Girkin bai ba mu wahala ba. Yaron da ya rantse ba ya cin karas, in shi ya fere ya yanka da hannunsa, sai ka ga ya cinye har yana leƙen kwanon na kusa da shi. Yogar ma haka, tsayuwar bishiya da miƙar kyanwa duk wasa ne a wurinsu. Iyaye biyu uku sun tambaya ko akwai wata bauta a ciki, tunda asalin abin daga Indiya yake, na ce musu miƙa jiki da numfashi kaɗai muka ɗauka, magana ta ƙare.

Abin da har yau yake cin raina a rana ta huɗu ya faru.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 8 da jikinta ba ya jituwa da gyaɗa. Mamanta ta rubuta a fom, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta kuma kawo allurar adirenalin irin mai kama da biro. Ni kuwa na cire gyaɗa daga jerin abincin gaba ɗaya, na bi kwalaye da gwangwanaye ina karanta abin da ke ciki, ina ta yabon kaina. A rana ta uku bilendar sansanin ta ƙone. Washegari na ɗauko tawa daga gida, wadda na markaɗa soyayyiyar gyaɗa da ita kwana biyu kafin nan. Na ɗauraye ta, wallahi na ɗauraye, amma ban kwance gindinta ba. Akwai wata roba da ta zagaye ƙarƙashin wuƙaƙen, nan maiƙo yake maƙalewa. Da ita muka markaɗa ayaba da madara, kowa ya sha kofi ɗaya.

Wannan kuskure ne, na yarda, kuma kowa na iya yinsa. Wanda na kasa yafe wa kaina shi ne na bayansa.

Mun gama miƙe-miƙe, yara sun kwanta rigingine, kowa da ɗan dutse a kan cikinsa yana kallon yadda yake hawa da sauka. Kwana uku ke nan ina nanata musu cewa su saurari jikinsu, su faɗi abin da suka ji ba tare da kunya ba. Sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, harshena yana ƙaiƙayi." Na ce ta bar shi, ta lura da shi kawai, zai wuce. Jim kaɗan ta sake cewa, "Malama, kamar wani abu ya tsaya mini a wuya." Ni da na sha karatu a kan yadda fargaba ke shaƙe maƙogwaro, sai na durƙusa kusa da ita, na dafa kafaɗarta, na sassauta murya na ce, "Ja numfashi a hankali, 'yata. Ƙirga huɗu ki saki." Ta yi. Yarinya ce mai biyayya. Tana tari tana ƙirgawa.

Minti goma, ko kusa da haka. Ƙanwata ce ta shigo da bokitin ruwa, ta kalle ta sau ɗaya ta yar da bokitin. "Yaya, dubi leɓenta! Ina allurar?" Sai a lokacin na ga leɓen ya kumbura, wuyanta duk borin jini ya fito ruɗu-ruɗu. Allurar tana cikin jakar yarinyar, jakar tana cikin kabad a ofis, na kulle don kada yara su yi wasa da ita. Mabuɗin yana cikin jakata, jakata tana kicin. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Da na dawo har da kwalbar maganin ƙaiƙayi na haɗo, ƙanwata ta ture shi gefe, ta caka allurar a gefen cinyar yarinyar ta waje, ta kan wandonta, ta hana ta tashi tsaye. Cikin 'yan mintuna numfashin ya fara sakewa. Muka wuce asibiti, suka riƙe ta har dare, domin abin yana iya dawowa bayan sa'o'i ko da mutum ya ga kamar ya warke.

Abubuwan da na sani yanzu, da na san su a lokacin, da ban zauna ina ƙirga huɗu ba. Yaro ba zai ce maka numfashinsa na toshewa ba. Zai ce harshensa na ƙaiƙayi, ko bakinsa na zafi, ko wani abu ya maƙale, ko muryarsa ta dushe kawai. In yaron da aka san yana da wannan lalura ya faɗi irin haka bayan cin abinci, daga 'yan mintuna har zuwa awa biyu, allura ake nema, ba lallashi ba. Maganin ƙaiƙayi yana rage ƙuraje, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Motsa jiki bayan cin abin kuma yana iya ƙara tsananta shi, wato yogar da na sa ta yi ma ba ta taimaka ba. Dafuwa ko suya ba sa kashe sinadarin da ke cikin gyaɗar, sanitaiza ma ba ta cire shi daga hannu, sai sabulu da ruwa. Allurar kanta iri-iri ce, akwai mai miligiram 0.15 ta ƙananan yara, akwai mai 0.3 ta waɗanda suka kai wajen kilo 30. Ni da na karɓa na jefa a kabad ko wadda aka ba ni ban duba ba, balle ranar lalacewarta.

Har yanzu ina koyar da darasin natsuwa, kuma ina ganin amfaninsa. Sai dai na gane ya saba mini da wata ɗabi'a marar kyau: duk abin da yaro ya kawo, sai in mayar da shi damuwar zuciya da numfashi zai magance. Ciwon kai, ja numfashi. Ciwon ciki, ja numfashi. Ashe wani ƙishirwa yake ji, wani bai karya ba. Shi kansa Jon Kabat-Zinn, wanda ya fara shirin rage damuwa ta hanyar darasin natsuwa a Jami'ar Masacusets a 1979, ai a asibiti ya fara, da marasa lafiyar da likitoci suka riga suka duba. Ni kuwa na tsallake dubawar.

Mamanta ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malama, ita ta faɗa miki?" Na ce ta faɗa, har sau biyu. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara komai ba.

Bana allurar tana rataye a wuyana cikin 'yar jaka, duk ma'aikatan sun gwada da ta koyo wadda ba ta da tsini, kuma ko cokali ba ya shigowa kicin daga gidan kowa. Bilendar nan tana gida, in na ɗauko ta sai na kwance robar na duba, ko da ruwa kawai na zuba.

Yarinyar ta dawo a ranar ƙarshe ta sansanin bara, ban zata ba. Muna darasin zabibi, wanda ake ba kowa ƙwaya ɗaya ya kalla, ya shinshina, ya tauna a hankali. Na miƙa mata kwanon, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malama, da sabulu aka wanke?"