Baƙin da ke cikin tiyo

Tun 7 na safe muna Birni gidan Hajiya, kilim ɗin ɗakin tsohuwa ya daina sanyi, kuma kun san Afrilun Damagaram kafin azahar zafi ya haura 40. Ni da Auta, yaron da nake koya ma aiki, muka je gyara, Patoro maigidanmu ya wuce Kasuwar Dole.

Ina ɗora mano, agogon auna ƙarfin gaz, na gane toshewa ce, komfiresa na juyawa amma gaz ba ya wucewa. Muka kwashe gaz tukuna, R22 ne, in harshen wuta ya taɓa shi hayaƙin guba yake zama, ga man da ke maƙalewa cikin tiyo shi ma yana kamawa. Na naɗa jiƙaƙƙen tsumma a bawul na kunna shalimo, abin hura wutar walda, na bi mahaɗar da wuta a hankali har tsohuwar bagat, sandar da ake narkarwa a liƙe tiyo, ta saki, ita tana fara narkewa a digiri 700 da wani abu, jan ƙarfen tiyon kuwa sai 1085, to a tsakanin nan ake aikin, in ka yi gaggawa ka huda tiyon mutane. Auta ya ja da awartaki ta fita salin alin.

Sai ya ƙwanƙwasa bakin tiyon a tafin hannunsa bayan ya huce, wani baƙin ɓawo ya zubo kamar ƙanzon tukunya. Ya dube ni ya ce "Yaya wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan sudur ɗin?"

Na ce riƙe mini tiyon da kyau.

Ni ne. Bara war haka, na gane hannuna tun kafin in sa wuta. Ranar kwalbar azot ɗinmu, gaz ɗin da ke korar iska daga cikin tiyo, ta ƙare, na faɗa ma Patoro ya ce wa zai leƙa cikin tiyo, ni ma ban musa ba don rana ta ishe ni. Alhali na sani sarai, in ka gasa jan ƙarfe da iska a ciki ɓawon nan yake yi, daga waje sudur sumul sai sheƙi, daga ciki kuwa gaz da mai su yi ta kankare shi suna kai wa kafilar, siririn tiyon nan, ita da raminta kamar na allura. Ni ne fa kullum nake ce ma yaron nan tiyo ake gasawa ba bagat ba, ka bar zafin tiyon ya ja ta cikin mahaɗa da kansa, kuma kar ka taɓa sudur ba ka sako azot kaɗan kaɗan yana ratsawa ba. Abin da na koya masa da shi ya auna aikina bai sani ba.

Yau dai da azot muka yi. Sabuwar kafilar, sabon filtar, kumfar sabulu ba ta nuna yoyo ba, muka zuƙe iska da fom muka zuba gaz. Sanyi ya dawo.

Hajiya ta aiko da fura mai ƙanƙara, ta ƙirga kuɗin cif ta ce Allah ya yi albarka ɗana. Na amsa da hannu biyu. Kuɗin aiki ɗaya ke nan ta biya sau biyu, furar ma da ƙyar ta wuce mini.

La'asar firigo biyu a shago, ba labari.

Guntun tiyon yana aljihuna har yanzu. Gobe in Allah ya kai mu zan nuna ma Auta in faɗa masa ko na wane ne, kuɗin aikin Hajiya kuma sai na yi ma Patoro maganarsu kafin mu buɗe shago.