Tiyunar feda ga mai kaɗa bes: a gwada ta da tsirkiya mafi kauri

Tiyuna ita ce na'urar da ke nuna ko muryar tsirkiyar jita ta saitu, ta feda kuma ita ce wadda ake ajiyewa a ƙasa a taka da ƙafa. Kowace tiyuna ka ɗauka a kasuwa, komai arharta, za ta kama tsirkiyar G ta bes, wato jita mai kaurin murya, ba gardama. Inda ake gane ta ƙwarai shi ne a tsirkiya mafi kauri, wato E ga mai bes mai tsirkiya huɗu, ko B ga mai biyar. A nan ne wata za ta tsaya cak ta nuna maka harafin, wata kuma fitilarta ta dinga kai da komo kamar kazar da aka kora daga tsakar gida.

Dalilin yana cikin lissafi. Tsirkiyar E ta bes tana girgiza sau 41.2 a daƙiƙa, A sau 55, D sau 73.4, G kuma sau 98. Ta B a bes mai biyar ba ta wuce 30.87. Ka kwatanta da E mai kauri ta jita ta gama-gari, wadda ke kan 82.4, ninki biyu ke nan na ta bes. Aikin tiyuna shi ne auna tsawon kowace girgiza, kuma ba ta yanke hukunci da guda ɗaya, sai ta tara da dama. Girgiza ɗaya ta E tana cin kusan kashi 24 cikin dubu na daƙiƙa, ta B kuma kusan 32. Shi ya sa ko tiyuna mai kyau takan ɗan jinkirta a ƙasa. Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi wannan ban haushi. Tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba. Ban da uwar muryar, akwai 'ya'yan amo da ke hawa a kanta, ninki biyu, ninki uku, har sama. A tsirkiya mai kauri, sau da yawa 'ya'yan sun fi uwar ƙarfi a abin da fikof, wato abin da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mai da ita wuta, ke ɗauka. Ninki uku na E shi ne 123.6, wato B. Idan ka kaɗa E ka ga tiyuna tana tsalle tsakanin E da B, ba lalacewa ta yi ba, ɗan amo ta kama ta bar uwar. Mai B kuma zai ga F# tana leƙowa.

Saboda haka abu na farko da za ka duba a takardar na'ura shi ne iyakar ƙasan da take ji. Boss TU-3 tana sauka har girgiza 16.35 a daƙiƙa, Korg Pitchblack har 20.6. Dukansu sun wuce B da nisa, sun kuma ɗauki wanda ke sassauta B ɗinsa zuwa A, wato 27.5. Tiyunar da aka rubuta iyakarta daf da B, ko ba a rubuta komai ba, ka yi hattara da ita.

Wani zai ce me ya hana a yi amfani da 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a kan jita, mai arha? A ɗaki tana aiki. Amma ita girgizar itace take ji, ba wutar da ke bin waya ba, kuma a dandali itacen jitarka yana amsa ganga da lasifika da duk abin da ke ƙara kusa da kai. Ta feda kuwa daga waya take karantawa, ba ruwanta da hayaniyar wuri. Sannan da ka taka ta sai ta yanke sautin da ke zuwa amfilifaya. A ganina wannan shirun rabin kuɗinta ne. Kana saiti ba wanda ya ji, kana canza jita ko zare waya babu wannan tsawar da ke fasa kunnen jama'a, liman ko fasto ko mai gabatar da biki yana magana bes ɗinka ba ya gurnani a bayansa.

Maganar daidaito ita ce inda masu talla suka fi ruɗa mutane. Ana auna shi da senti, kuma tsakanin firet ɗaya, wato ƙarfen da ke gicciye a wuyan jita, da mai bi masa akwai senti 100. TU-3 tana da kuskuren da bai wuce senti 1 sama ko ƙasa ba. Peterson StroboStomp HD tana kan 0.1. Sonic Research Turbo Tuner da TC Electronic PolyTune 3, idan an sa ta a tsarin fitila mai gudu da zan yi bayani a ƙasa, suna da'awar 0.02. Lambobin gaskiya ne, amma ka lura da halin tsirkiyar kanta. Da zarar ka fizge E da ƙarfi, muryarta takan haura da 'yan senti saboda ta miƙe fiye da kima, sannan ta sauko a hankali yayin da girgizar ke lafawa. Yatsan hagu ma idan ya danna da ƙarfi yana ƙara mata. To abin da ke motsi da senti uku ko biyar da kansa, me kashi biyu cikin ɗari na senti zai ƙara maka tsakanin waƙa da waƙa? A dandali senti 1 ya wadatar. Inda tsananin daidaito ke da amfani shi ne wurin gyaran jita da ɗakin ɗaukar sauti, kuma zan zo kansa.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne yadda fuskar ke magana da idonka. Iri biyu ne. Akwai mai allura, inda fitila ke matsowa tsakiya ta zama kore idan ka isa. Akwai mai gudu, inda zane ke tafiya hagu idan kana ƙasa, dama idan kana sama, yana rage gudu har ya tsaya. Mai allura ta fi sauƙin karantawa da kallo ɗaya, tana kuma da yafiya, domin da ka shiga kusa sai ta ce ka isa. Mai gudu ba ta yafiya. Wanda bai saba ba zai ɓata minti guda yana neman zanen ya daskare, abin da tsirkiyar bes ba ta cika bari ba. Abin nema shi ne ya yi ta rarrafe, ba lallai ya tsaya ƙyam ba. Yawancin na zamani suna da tsarin biyu, sai ka zaɓa. Shi kuwa tsarin da PolyTune ta yi suna da shi tun 2010, na kaɗa duka tsirkiyoyi lokaci ɗaya a ga wadda ta kauce, an yi shi ne da mai jita mai tsirkiya shida a rai. Muryoyin ƙasa huɗu idan suka haɗu sukan cakuɗe, mai bes kuma da ma ɗaya bayan ɗaya yake saiti. Kada wannan ya zama dalilin sayenka, ko da yake na'urar kanta tana kama ƙasa da kyau idan tsirkiya ɗaya ka kaɗa.

Ka kuma yi tunanin rana. Fuskar da ke haske a shago tana iya ɓacewa gaba ɗaya a filin biki da la'asar. TU-3 tana da tsarin ƙarin haske da ake kunnawa, PolyTune tana da idon da ke auna hasken wuri ta daidaita kanta. Na'urar tana ƙasa, kai kana tsaye, tazarar ta fi mita ɗaya da rabi, don haka girman harafin ma abin dubawa ne.

Sai batun abin da ke faruwa da sautinka lokacin da tiyunar take a kashe, tunda ta cikinta yake bi. Wasu suna haɗa shiga da fita kai tsaye kamar waya ce zalla. Wasu suna bi da shi ta bafa, wata 'yar da'ira da ke ƙarfafa shi ya jure doguwar waya. Wanne ya dace ya danganta da jitarka. Idan bes ɗinka ba mai batir ba ne, fikof ɗinsa yana da rauni wajen tura sauti, kuma kowace mita ta waya tana ɗan cin kaifin sama. Waya mai mita shida zuwa feda, wata shida zuwa amfilifaya, za ka ji sautin ya dushe, musamman ga mai bugun babban yatsa da ke son ƙarar ƙarfe. Bafa a farkon layi tana cire waya ta biyu daga lissafi. Idan kuwa bes ɗin mai batir ne a ciki, ya riga ya zo da tasa bafar, bambancin da za ka ji kaɗan ne ko babu. Illar bafa guda ce babba: wuta ta yanke mata, sauti ya yanke gaba ɗaya. TU-3 ta yau da kullum bafarta a kunne take koyaushe. TU-3W da PolyTune 3 da StroboStomp HD da Pitchblack X suna ba ka zaɓi tsakanin biyun. Wani abu da TU-3 ke da shi kuma shi ne ramin fita biyu. Ɗaya yana yin shiru idan ka taka, ɗayan yana barin sauti ya wuce kullum, abin da mai bes marar firet zai so domin ya riƙa satar kallon inda yatsansa ya sauka yana cikin kiɗa.

Wurin zamanta a layi ba abin muhawara ba ne, ita ce ta farko daga jita. Duk fedar da ke gurɓata sauti ko ninka shi ko karkaɗa shi, idan ta riga ta, ƙarya za ta kai mata.

Wuta fa? Kusan dukansu bolt 9 suke ci, da kan caja mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa ce negatif (−), wato akasin yawancin cajojin kayan gida. Ka cusa mata cajar da ta juya ko mai bolt 12, kana iya ƙona ta nan take. Idan daga Amurka aka kawo cajar, ka karanta jikinta ka tabbata tana ɗaukar har 240, domin tasu wutar 120 ce. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma 50 tana tsakiyar muryoyin bes, daf da G ta firet na uku a tsirkiyar E, wadda ke kan 49. Caja marar tacewa ko waya marar kyakkyawan rufi tana shigo da wannan gunjin cikin layi. Alamarsa ita ce ka ga tiyuna tana nuna G ko G# alhali hannunka na kan tsirkiyoyi ba ka kaɗa komai ba, ko kuma ta riƙa sakin E da wuri da zarar sautin ya fara raguwa. Da janareta abin ya fi muni, domin gudunsa yana hawa da sauka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: cire caja ka sa batir. Idan ta natsu, laifin caja ne. Shi ya sa nake fifita mai gidan batir a kan 'yan ƙananan nan da yawancinsu sai da caja. Ka dai tuna cewa cusa waya a ramin shiga shi ke kunna ta, idan ka bar ta a ciki ta kwana batir ya tafi. Haka batirin cikin jitar ma, idan ya yi sanyi sautin yakan karye, tiyuna ta rikice, a ɗora mata laifin da ba nata ba.

Da yawa daga abin da ake kira rashin kyan tiyuna a hannu yake. Ka kaɗa da tsokar yatsa, a hankali, wajen ƙarshen wuya maimakon kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita. Ka danne sauran tsirkiyoyin kada su amsa. Ka buɗe fikof na wajen wuya, ka rage kaifi. Ka bar daƙiƙar farko ta wuce kafin ka yarda da abin da ka gani. Idan ka zarce, ka sassauta ƙasa da muryar sannan ka hauro, domin tsirkiyar da aka saita tana saukowa takan ƙara zamewa daga baya. B ta ƙi kamuwa? Ɗora yatsa a kan firet na 12 ba tare da dannawa ba ka kaɗa. Wannan amon ninki biyu ne daidai, 61.7, kowace tiyuna tana jin sa. Sannan ka riƙa duba cewa ma'aunin, wato muryar A da tiyuna ke auna sauran da ita, yana kan 440. Ƙafa ko jaka tana iya taɓa maɓalli ya koma 442, kusan senti 8 ke nan, fitila tana ce maka kore kai kuma kana faɗa da mai kibod.

Inda mai gudu ke biyan kuɗinta shi ne saitin gada. Ka saita tsirkiya a buɗe, sannan ka danna firet na 12 ka kaɗa, jitar tana rataye yadda kake riƙe ta wajen kiɗa. Idan ta danne ta haura, ja sirdin, wato ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gada, baya, nesa da wuya, tsirkiyar ta ƙara tsawo. Idan ta gaza, matso da shi gaba. Bayan kowace murɗa sai ka sake saita buɗaɗɗiyar kafin ka auna. Da sababbin tsirkiyoyi ake wannan, tsofaffi masu datti ba sa faɗin gaskiya. Kuma aikin ba na sau ɗaya ba ne a wurinmu, domin itacen wuya yana motsi tsakanin bushewar hunturu da laimar damina.

Ga wanda ke yawon biki da majami'a da fili, yana son abin da zai sha taku da ƙura, TU-3 ce zan nuna masa. Mai gyara jitarsa da kansa ko mai aikin ɗakin ɗauka ya ƙara kuɗi ya ɗauki Peterson ko Turbo Tuner. PolyTune 3 da Pitchblack X suna tsakiya, da zaɓin bafa da fuska mai kyau. Ko wacce ce, ka je da jitarka wurin saye, ba ta shago ba. Kaɗa mafi kaurin tsirkiya a buɗe, ka ƙirga daƙiƙa nawa ta riƙe harafin kafin ta saki. Sassauta ta rabin murya ka ga ko tana bin hannunka ko tana biyowa a makare. Idan ta hannu ce, taka ta sau ashirin kana sauraren ƙara a lasifika, ka girgiza wayoyin a ramukansu, ka buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen.